Kai jikoki baje kolin zane-zane yadda abin zai zauna musu

Hajiya, kun tambayi yadda za ku kai jikoki kallon baje kolin zane-zane ba tare da sun gundura ba, su kuma riƙa tuna wanda ya fi burge su. Maganin shi ne a rage yawa. Da wuya ɗan shekara 5 zuwa 8 ya yi awa ɗaya a tsaye hankalinsa bai watse ba. Ku shiga shafin intanet na wurin tun daga gida, ku ware zane huɗu ko biyar. Nan ne ma za ku gane ɗakin da ke da zanen tsiraici, ku san hanyar da za ku bi.

Akan rataye zane tsakiyarsa na kusan santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon babba. Yaro daga ƙasa yake kallo, sai hasken fitila ya dawo daga gilashi ya rufe masa rabin hoton. Ku rage tsawo ku duba daga inda idonsa yake, sannan ku ja shi baya taku biyu ko uku. Kada ku ce "ya yi kyau?", don "eh" kawai za ku samu. Ku tambaye shi me ke faruwa a ciki, ta ina haske ya shigo, wa ya fi fushi. Takardar bayanin gefe ta zo a ƙarshe.

Shahara ba ta dami yaro ba. Shahararren zanen nan na Mona Lisa da ke gidan tarihi na Louvre a Paris santimita 77 ne da 53, a bayan gilashi, cikin cunkoso. Ƙeyar manya kawai zai gani. Irin aikin mai zane Van Gogh, mai kaurin fenti da sawun buroshi a fili, ya fi kama su. Shi ne kuma ke jan hannu, alhali maiƙo da gumin yatsa na ɓata fenti, don haka hannu a baya.

Batun tunawa kuwa, ku tafi da ƙaramin littafi da fensir, domin wurare da yawa ba sa yarda da biro. Kowa ya zaɓi zane ɗaya, ya yi minti biyar yana kwaikwayonsa. A ƙasa ku rubuta sunan aikin, ranar, da dalilin da yaron ya bayar, da kalmominsa, ba gyara. Idan an yarda da hoto, ku kashe filasha. Bayan mako guda ku ce ya kwatanta zanen da ka kafin a buɗe littafin.