Filin Tambaya da Amsa: Rubuta Waƙa Kan Halittun Teku

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan abu guda suke, wato rubutacciyar waƙa game da teku da abin da ke rayuwa a cikinsa. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Assalamu alaikum. Malamai, ban taɓa ganin teku da idona ba, amma ina sha'awar yi masa waƙa. Duk baitin da na rubuta sai ya fito tamkar na kogi. Ina gyaran yake? (Daga wani ɗalibi)

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, rashin ganin teku ba ya hana waƙa. Abin da ke kashe ta shi ne mutum ya ce zai waƙe teku gaba ɗayansa. Ruwan da ya mamaye kashi 71 cikin 100 na doron duniya ba ya shiga baiti goma, kuma duk wanda ya gwada sai ya ƙare da "faɗi" da "zurfi" da "sanyi", kalmomin da kogi ma ya isa a yi masa kirari da su.

Ka ɗauki halitta guda tak. Ka nemi bidiyonta ka kalla sau da yawa, da farko ba tare da sauti ba, don kada bayanin mai magana ya riga idonka. Kafin ka fara ɗango ko ɗaya, ka rubuta abu uku a zube: yadda take motsi, yadda take kama abincinta, da abin da take gudu. Daga nan ka binciki zurfin da take zaune, domin shi zai ba ka launin waƙar. Hasken rana mai ƙarfi bai wuce mita 200 na sama ba, ƙasa da mita 1,000 kuwa duhu ne baƙi ƙirin, sai hasken da wasu halittun wurin ke fitarwa daga jikinsu. Ja shi ne launin da ke fara ɓacewa, shi ya sa jan kifi a can ƙasa baƙi yake bayyana. Wanda ya ce rana tana haska ƙarƙashin teku ya koma kogi bai sani ba.

Sannan ka lura da aikatau. Kogi gangarawa yake yi, ya nufi wuri guda. Teku kuwa cika yake yi ya janye, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a yini, da tazarar kusan awa 12 da minti 25 tsakanin cika da cika, saboda jan da wata ke yi masa. Ruwansa ma ba na sha ba ne: kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Cire "gangara" da "malala" daga baitocinka ka sa "cika" da "tumbatsa" da "janye", za ka ji bambanci nan take.

Allah ya gafarta Malam, na yi waƙa a kan kifin wel, na ce yana kaɗa wutsiya dama da hagu, yana kuma feso ruwan da ya sha ta tsakar kansa. Wani ya ce na yi kuskure. Ni kuwa ina ganin waƙa ba darasin kimiyya ba ce. Wa ke da gaskiya? (Daga wani mai karatu)

Malam, abokinka ke da gaskiya, kuma kurakuran ba biyu ba ne, uku ne. Kambamawa daban, kuskure daban. In ka ce girmansa ya tare rana, kowa ya san adon harshe ne, babu mai ƙalubalantarka. In kuwa ka ba shi ɗabi'ar da ba tasa ba, wanda ya san dabbar zai daina yarda da sauran baitocin.

Na farko, ko da yake baki ya saba da cewa "kifin wel", ba kifi ba ne. Dabba ce mai huhu, tana haihuwa, tana shayar da ɗanta nono, kuma dole ta taso sama ta shaƙi iska. Na biyu, wutsiyar kifi a tsaye take, shi ya sa yake kaɗa ta dama da hagu. Ta wel a shimfiɗe take, sama da ƙasa take bugawa. Na uku, abin da kake gani yana tashi daga kanta ba ruwan sha ba ne. Hancinta ne a tsakar ka, kuma numfashi ne mai ɗumi ke fita da ƙarfi, ya gamu da iska mai sanyi ya zama tururi, haɗe da ɗan ruwan da ke kwance a bakin hancin.

Mu a ganinmu gaskiyar ta fi abin da ka ƙirƙira daɗin waƙa. Dubi dabbar da duk rayuwarta a ruwa take, amma ruwan zai kashe ta in ta shaƙe shi. Wannan kaɗai jigo ne. Shuɗin wel yana kai mita 30 a tsawo, nauyinsa yana haura tan 150, amma abincinsa ƙananan halittu ne masu kama da jatan lande, da ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. Akwai kuma wel mai ƙusumbi, wanda namijinsa ke rera sauti mai tsari. A 1971 wasu masu nazari biyu, Roger Payne da Scott McVay, suka wallafa binciken da ya nuna cewa sautin yana da sassa masu maimaituwa bi da bi. Mazan yanki guda sauti iri ɗaya suke rerawa, yana kuma sauyawa a hankali. Sauti a ruwa yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya ninka na iska fiye da sau huɗu. In za ka waƙe wannan dabba, to waƙa mai amshi ta fi dacewa da ita, kana ɗan sauya kalma guda a amshin duk bayan baiti biyu ko uku.

Malamai, ga ɗangon farko na waƙata: "Uwar kunkurun teku ta fito kan tudu." Idan na rera sai harshena ya yi tuntuɓe a tsakiya, na rasa dalili. (Daga wata mai karatu)

Malama, kunnenki lafiya lau yake, karin ne ya karye. Bari mu bi shi daki-daki.

Gaɓar Hausa iri biyu ce a wajen awo. Mara nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "tu" a "tudu". Mai nauyi ita ce wadda ke da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko ta ƙare da baƙi, kamar "kan" da "war". Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali: "gari" na zama da "gari" na niƙa rubutu ɗaya ne, amma "ga" ta farko gajera ce, ta biyu doguwa. Saboda haka da baki ake awo, ba da ido ba.

Ɗangonki ya fara da ƙafar karin da ake kira Mutaƙarib, wato gaɓa mara nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu: u-war-kun. Ƙafa ta biyu ma ta tafi daidai: ku-run-te. A ta uku aka samu cikas, domin daga nan gaɓoɓin sun goce daga gurbinsu, kuma ɗangon ya kai gaɓa 13 alhali 11 yake buƙata. Kalmar "teku" ce ta jawo. Kin sa ta don a gane irin kunkurun, to mayar da ita kan taken waƙar, ki bar ɗangon ya numfasa:

*Uwar kunkuru ta fito kan tudu,*
*Tana jan jiki, babu halin gudu.*

Ki raba shi ki ji: u-war-kun / ku-ru-ta / fi-to-kan / tu-du. Na biyu: ta-na-jan / ji-ki-ba / bu-ha-lin / gu-du. Ƙafa uku cikakku, ta huɗu gutsurarriya, amsa-amo kuma "du". Dabarar da ba ta ba da kunya ita ce ki riƙa buga tsarin da yatsa a kan tebur, ki rera shi da baki ba kalmomi har ya zauna, sannan ki ɗora kalmomi a kai. Idan kalma ta ƙi shiga, ki sauya ta ko ki sauya jerin jimlar. Kada ki ja gajeren wasali da ƙarfin tsiya don ya cike gurbi, mai saurare zai ji.

Tun da kin zaɓi wannan dabba, ga abin da zai cika miki baitoci na gaba. Yawanci da dare take fitowa. Da ƙafafun baya take haƙa rami, ta zuba ƙwai wajen 100, ta binne, ta koma ruwa, ba ta kuma dawowa ta duba su. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan ke fitowa, kuma zafin rairayin ne ke sa su zama mata ko maza: mai ɗumi ya fi ba da mata. Suna nufar inda ya fi haske, wanda asalinsa sararin teku ne, shi ya sa fitilun gine-gine ke ɓatar da su su nufi tudu. Hawayen da ake gani a idon uwar gishiri ne jikinta ke fitarwa. Kina iya cewa "kamar mai kuka", wannan kamantawa ce halastacciya. Abu guda dai ki kiyaye: kunkurun teku ba ya iya mai da kansa cikin ƙoƙonsa kamar na tudu.

Yawancin waɗannan halittu ba su da suna a Hausa. In sa sunan Turanci ne? (Daga wani matashin marubuci)

Inda muke da kalma, ka yi amfani da ita: ƙaguwa, kawa, jatan lande, murjani, lu'ulu'u. Inda babu, ko dai ka hausantar da sunan yadda baki zai iya, kamar dolfin da shak, ko ka siffanta, kamar dokin teku. Baƙon suna ya fito sau ɗaya, a take ko a baitin farko, daga nan ka ci gaba da kirari. Kada dai ka ari sunan dabbar da aka riga aka sani ka liƙa wa wata. Ayu ba dolfin ba ne, giwar ruwa kuma ba wel ba ce.

Ni malamar firamare ce. Ina so in rubuta wa yara gajeriyar waƙa kan dabbar teku. Wacce za ku ba ni shawara, kuma yaya tsawonta zai kasance? (Daga wata malama)

Malama, ki ɗauki oktofus, domin duk abin da ke jikinsa abin mamaki ne ga yaro. Ƙafafu takwas, zuciya uku, jini shuɗi, ba ƙashi ko ɗaya sai baki mai tauri irin na aku, har yakan kutsa ta duk ramin da bakin zai iya wucewa. Yana sauya launi ya saje da dutse, in aka matsa masa ya feso baƙin ruwa ya tsere.

Ki yi ta ƙwar biyu, wato ɗango biyu a kowane baiti, baiti biyar zuwa shida, kowane baiti da siffa guda kacal. Ki tsara ta kamar kacici-kacici, sunan ya zo a baitin ƙarshe. Ga mafari a kan karin da muka yi bayani a sama:

*Ƙafafu takwas ne da shi, ba ƙashi,*
*Idan ya laɓe babu dace da shi.*

Abin da ke ɓata irin wannan waƙa shi ne cusa siffa uku a ɗango ɗaya. Yaro ba zai riƙe ba, karin ma zai cushe. Ki gwada ta da tafi a aji. Duk inda yara suka yi ta karo da juna, nan ne gyaran yake.

Na yi waƙa kan lalacewar murjani da sharar roba a teku, amma masu saurare sun ce ta zama lacca. Yaya zan yi gargaɗi ba tare da na gundure su ba? (Daga wani sha'iri)

Malam, waƙar gargaɗi tana da daɗaɗɗen gurbi a adabinmu, ba laifi ba ce. Laifin shi ne a fara da "ku daina" tun mai saurare bai san abin da ake kuka a kai ba. A waƙa mai baiti goma, ka ba halittar bakwai, ɓarnar biyu, kira ɗaya.

Kuma ka tantance wane murjani kake nufi. Jan murjanin da ake ado da shi, wanda ya shahara a Bahar Rum, daban yake da wanda ke gina tsaunuka a ruwa mai ɗumi, irin na gabashin Ostareliya mai tsawon kusan kilomita 2,300. Dukansu dabbobi ne, ba tsiro ko dutse ba. Mai gina tsaunin yana zaune da wasu ƙananan tsirrai a cikin naman jikinsa, su ke ba shi yawancin abincinsa da launinsa. Idan zafin ruwa ya ƙaru da kamar digiri ɗaya bisa na lokacin zafi, ya kuma daɗe makonni, sai ya kore su, ya koma fari fat. Haka ta faru a wurare da yawa a 1998, ta sake faruwa da tsanani a Ostareliya a 2016 da 2017. Ka lura, farin murjani bai riga ya mutu ba, yunwa yake ji. In ruwan ya huce da wuri yana iya farfaɗowa. Kada ka yi masa makoki a baitin da ya yi fari, ka bar mai saurare ya zauna cikin zullumi baiti ɗaya ko biyu.

Batun roba kuwa, ka raba shi da na murjani, jigo biyu ba sa zama lafiya a gajeriyar waƙa. In za ka yi masa tasa waƙar, hoto guda ya ishe ka: leda tana lilo a ruwa, kunkurun teku ya ɗauka irin halittar nan ce mai taushi da ya saba ci, ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Ka rubuta wannan da aikatau zalla, ba "kaico" ba "wayyo", sannan ka karanta wa mutum biyu da ba su san jigon ba. In suka tambaye ka abin da ya sami kunkurun daga baya, baitocin sun yi aikinsu, sai ka ɗora kiran a baitin ƙarshe.