Amsa: Har yanzu tafiya sararin samaniya na da haɗari?

Malam, ka tambaya daga Gombe ko kumbo mai ɗaukar mutane ya daina kisa. Haɗarin na nan, an dai rage shi.

Ka ga kumbon Amurka mai suna Challenger a 1986, zoben roba mai toshe mahaɗar rokar gefe ne ya ƙandare saboda sanyi, wuta ta ɓulla ta wurin. Daƙiƙa 73 da tashi ya tarwatse, mutum bakwai suka rasu, don ba hanyar tsira. Yanzu ɗakin 'yan sama jannati a saman roka yake, da injin da zai fizge shi in ta lalace. Wannan ya ceci mutum biyu a kumbon Rasha mai suna Soyuz a 2018.

Ni abin da ya fi damuna shi ne radiyeshin, wato haskoki masu cutar da jiki, a hanyar duniyar Mars, tafiyar wata shida zuwa tara, garkuwarsa kuwa nauyi gare ta.