Kun Tambaya: Riƙon Amana a Inda Kowa Ya Saki

Tambaya: Ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfani. Shugabana kan kawo takardun sayen kaya da aka ƙara wa farashi, ya ce in sa hannu. Abokan aiki sun ce haka ake yi ko'ina. Ni Kirista ne, kuma ina da iyali. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, sa hannu shaida ce. Takardar da ka sa wa hannu, ka ce ka duba kuma gaskiya ce, alhali Dokoki Goma sun hana shaidar zur (Fitowa 20:16). Yawan masu yin abu ba ya mai da shi halal. Ka tuna aikin Daniyel ma na lissafi ne: Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120, ya ɗora mutum 3 a kansu don kada ya yi hasara, Daniyel na cikinsu. Maƙiyansa sun tona aikinsa, ba su sami ha'inci ko sakaci ba (Daniyel 6).

Kafin ka buɗe baki, ka tabbatar. Ka jera takardu 3: ta odar kaya, ta karɓar kaya a sito, da ta biyan kuɗi. Wani lokaci ƙarin na haraji ne ko na dako, sai mutum ya zargi marar laifi. In ka ga ha'inci ne, ka sami shugaban shi kaɗai, ba gaban mutane ba, ka yi magana a kan kanka: "Ranka ya daɗe, ba zan iya sa hannu a adadin da bai yi daidai da kayan da suka shigo ba." Kada ka kira shi ɓarawo. Wanda aka tozarta, kare kansa zai yi, ba gyara ba. In ya matsa, ka roƙi ya ba ka umarnin a rubuce. Da yawa a nan suke janyewa. Ka riƙa rubuta kwanan wata da lambar kowace takarda, in abin ya ci gaba ka kai wa masu binciken kuɗi na kamfanin.

Abu biyu ke kayar da masu niyya mai kyau. Na farko, karɓar kaso "sau ɗaya tak". Daga ranar bakinka ya rufe. Na biyu, sakaci a ƙananan abubuwa. In kana makara ko kana amfani da kayan ofis don kanka, da su za a kama ka. Yesu ya ce mai aminci a ƙaramin abu, mai aminci ne a babba (Luka 16:10).

Ba za mu yi maka alkawarin sauƙi ba. Yusufu ya ƙi cin amanar maigidansa Fotifar, ladan da ya fara samu kurkuku ne. Don haka ka sanar da matarka da wani dattijon ikilisiya tun yanzu, ku yi addu'a tare, ku fara tanadi, kana kuma neman wani aikin.

Tambaya: Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiya a ikilisiyarmu. Na taɓa kuɗin da niyyar mayarwa, har yau ban mayar ba, kuma ba wanda ya sani. Na roƙi gafarar Allah. Ya isa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah mai aminci ne, yana gafarta wa wanda ya furta zunubinsa (1 Yahaya 1:9). Amma kuɗin na mutane ne, har yanzu kuma suna hannunki. Littafin Firistoci 6:1-5 ya yi magana a kan wannan daidai: wanda ya ci amanar ajiya ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi 1 cikin 5. In 100 ne, a mayar da 120. Ba a ɗaure Kirista da wannan adadi ba, amma yana nuna cewa tuba kan taɓa aljihu. Zakka ma, da Yesu ya shiga gidansa, cewa ya yi zai mayar ninki 4 ga duk wanda ya cuta (Luka 19:8).

Ki zauna da littafin, ki fitar da adadin duka, kada ki rage. Ki je wurin fasto ko shugabar ƙungiyar ki faɗa da bakinki kafin bincike ya tono. Mayarwa a ɓoye na da matsala: lissafin baya zai zauna da ƙarya, wata rana a zargi wani. In ba za ki iya biya gaba ɗaya ba, ku rubuta nawa za ki riƙa bayarwa duk wata. Ki kuma miƙa ajiyar har ki gama.

Ikilisiyar ma tana da gyara. Bai kamata mutum ɗaya ya ƙirga baiko, ya ajiye, ya kuma rubuta ba. Mutum 2 su ƙirga, su sa hannu nan take, a karanta rahoto a kai a kai. Bulus da kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi sun zaɓi abokin tafiya don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:19-21).

Tambaya: Na yi wa wani alkawari, yanzu cika shi zai jawo mini hasara. Zan iya janyewa?

Amsa: Zabura 15:4 ta yabi wanda ke cika alkawari ko da zai cutu. Hasara kaɗai ba ta warware magana. Ka je wurinsa da wuri, ka faɗi halin da kake ciki. In ya yafe maka, ka kuɓuta, in bai yafe ba, ka cika. Alkawarin aikata zunubi ne kaɗai ba a cikawa. Hirudus ya sa an sare kan Yahaya Maibaftisma saboda rantsuwarsa da kunyar baƙinsa (Markus 6:26), alhali janyewa ce ta wajaba a kansa.