Wace irin tururuwa ce na kwaso daga ruɓaɓɓen kututture?

Tambaya: Na fasa wani ruɓaɓɓen kututture, sai na tarar da gidan manyan tururuwa a ciki. Na kwaso sarauniyar da ma'aikata kusan ashirin. Baƙaƙe ne, ƙirjinsu da ɗan ja-ja. An ce mini masu sassaƙar itace ne. Yaya zan gane ainihin nau'insu?

Amsa: Malam, kada ka dogara da launi. Dangin masu sassaƙar itace, wato Camponotus, wanda masanin ƙwari Gustav Mayr ya raɗa wa suna a 1861, ya ƙunshi nau'o'i fiye da 1,000, kuma baƙi mai jan ƙirji ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Fara tabbatar da dangin tukuna. Ɗauki ma'aikaciya guda, ka dube ta daga gefe da gilashin ƙara girma. Bayan ƙirjinta zai tafi a lanƙwashe sumul kamar baka, kuma ƙulli ɗaya tak ke tsakanin ƙirjin da ciki. Ba ta harbi; cizo take yi, sannan ta fesa wani ruwa mai tsami a wurin. Idan ka ga bayan ya lotsa a tsakiya, mai yiwuwa 'yar wani dangin tururuwa ce dabam mai suna Formica, ko da yake Camponotus sericeus, mai ciki ruwan zinariya da ake samu daga Afirka har Indiya, ita ma tana da wannan lotsawar.

Daga nan sai wurin da ka same su, wanda ba ka faɗa ba, alhali shi ke rage yawancin aikin. Cikin nau'o'in Camponotus, a gabashin Amurka ta Arewa pennsylvanicus ce ta fi yawa, amma ita baƙa ce wuluk. A Turai, mai jan ƙirji takan kasance ligniperda ko herculeanus. A Afirka maculatus ta yaɗu sosai, mai ɗigo-ɗigon rawaya a ciki.

Matsalar ita ce tururuwar da ka kwaso ba su da yawa. 'Ya'yan fari na sarauniya ƙanana ne, kuma a wannan dangin ƙananan ma'aikata na nau'o'i daban-daban sukan yi kama ƙwarai. Manyan ma'aikatan, masu ƙaton kai, su ake dubawa: siffar kan, da gashin da ke tsaye a kumatu, da yadda gajeren gashi ya kwanta a ciki, ko fatar na sheƙi ko ta dushe. Idan ba su fito ba, sai ka yi haƙuri har gidan ya bunƙasa, ko ka yi aiki da sarauniyar.

Duk wadda ta mutu, jefa ta cikin sinadarin etanol, ka rubuta wuri da rana. Auna tsawonta da milimita, ka ɗauki hoto uku: fuska, gefe, da sama. Hoton sama kaɗai, wanda yawancin mutane ke turowa, ba ya wadatarwa. Sai ka gwada su da hotunan tururuwar yankinka da ke shafin intanet na AntWeb, ko ka miƙa wa masanin ƙwari mai madubin awo.