Tambayoyin Fasaha: Yadda za ka koyi kiɗan dalsima ta bidiyo a waya

Tambaya: Salamu alaikum. Na ci karo da bidiyon wata dattijuwa Ba'amurkiya a YouTube, ta ɗora wani dogon katako mai tsarkiya a cinya tana kaɗawa. Sautin ya shiga raina. Mene ne shi? Kuma yatsunta sun fi idona sauri, yaya zan yi in gane abin da take yi? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dalsima ce, ta mutanen tsaunukan Afalachiya a gabashin Amurka, inda ta bayyana tun farkon ƙarni na 19. Mawaƙiya Jean Ritchie, 'yar jihar Kentaki da ta rasu a 2015, ita ta fito da ita duniya ta sani, kuma a 2001 jihar ta ayyana dalsima a matsayin abin kiɗanta. Wurin nema ka rubuta mountain dulcimer cikakke, domin akwai wata dalsimar daban mai tarin tsarkiyoyi da ake dukanta da sanduna biyu.

Tsarkiya uku ko huɗu gare ta. A salon gargajiya ɗaya ce ke ɗauke da waƙar, sauran suna ta amo guda a ƙasa. Saboda haka hannun hagu, mai danna tsarkiyar waƙar, za ka zuba wa ido. Sau da yawa ma ba yatsa ba ne, ɗan guntun itace ake ja a kan tsarkiyar da ke kusa da mai kiɗan.

Maganin saurin kuwa yana cikin wayarka. Taɓa bidiyon, shiga alamar saiti da ke sama, ka rage gudunsa zuwa 0.75, in bai isa ba 0.5. Muryar kiɗan ba za ta yi kauri ba, tafiyar ce kawai ke raguwa. Taɓa gefen hagu sau biyu zai koma baya daƙiƙa 10. A kwamfuta abin ya fi daɗi: tsayar da bidiyon, maɓallin waƙafi da na aya za su riƙa matsa shi hoto ɗaya-ɗaya, har ka ga daidai inda itacen ya sauka. Ni dai na fi son bidiyon da aka ɗauka daga sama, don wanda kyamara ke fuskantar mai kiɗa yana juya maka hagu da dama, ya ruɗa mai koyo.

Ka sa abin kunne. Lasifikar waya ba ta fitar da wannan amon na ƙasa, alhali rabin daɗin yana nan.

Tambaya: Data na ƙarewa da sauri in ina maimaita kallo. (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, in sauraro kawai kike yi, ki sauke ingancin hoto zuwa 240p ko 360p, kunne ba zai ji bambanci sosai ba. In yatsu kike son gani, sai 480p zuwa sama. Darasin da kike yawan komawa gare shi, idan yana da maɓallin saukewa, ki sauke shi lokacin da kika samu Wi-Fi. Kuma ki kashe kunna bidiyo na gaba da kansa, shi ne ke cinye data bayan an ajiye waya.