Wanda ya saba hawan Dala zai iya zagayen Malham?

Tambaya: Malam, ni ɗan Gwammaja ne, na samu gurbin karatun digiri na biyu a Leeds ta ƙasar Ingila. Ɗaliban da zan tarar sun ce za su fita zuwa Malham a watan Nuwamba, tafiyar ƙasa ce ta zagaye, a tashi daga ƙauyen a dawo cikinsa, wai ba ta da wahala sosai. Ina hawan Dala kusan kowace Asabar. Wannan ya ishe ni shiri?

Amsa: Ƙanena, in dai ƙarfin ƙafa ne da numfashi, ya ishe ka. Zagayen da aka fi yi wajen kilomita 8 ne, awa uku zuwa huɗu har da tsaye-tsayen hoto. Inda zan ja kunnenka shi ne dutsen da za ka taka, domin irinsa babu a Kano.

Dala da Gwauron Dutse marmara ce a samansu, mai kaushi, tana riƙe takalmi. Malham kuwa dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe a yi siminti. Na Malham ya taru ne a ƙarƙashin wani teku mai ɗumi fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Halinsa shi ne ruwan sama yana cin sa. Ruwan yakan kwaso iskar kabon tun daga sama da cikin ƙasa, ya yi ɗan tsami, ya bi kowace tsaga yana narkar da ita a hankali har ta zama rami. Duk abin da zai ba ka mamaki a wurin, daga nan ya samo asali.

Babban abin kallon shi ne Malham Cove, wani bangon dutse lanƙwasasshe mai tsayin mita 80 ko kusa da haka, faɗinsa kuma wajen mita 300. Ana hawa samansa ta matattakala kimanin 400 da ke gefe. Wannan ba zai dame ka ba. Sai ka kai sama za ka tarar da shimfiɗar dutse a rarrabe gunduwa-gunduwa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai tsaga mai zurfi wadda ƙafa za ta shige har gwiwa ko fiye. Wasu gunduwoyin ma suna motsi in an taka. Ƙafafun jama'a sun goge su sumul, idan kuwa aka yi yayyafi, santsinsu sai ka ce tayil ɗin da aka zuba wa ruwan sabulu. A nan ake gurɗewa, a nan ake karaya, kuma bakin bangon babu shinge. Ka sa waya a aljihu, ka tsaya cak kafin ka ɗauki hoto, ka bar tazara tsakaninka da baki, musamman in ana iska.

Saboda haka takalmin da kake hawan Dala da shi, ka bar shi a gida. Ka nemi na hawan dutse mai ƙasan roba mai zane-zane, wanda ya rufe idon sawu, ka yi ta yawo da shi a gari tun kafin ranar don kada ya yi maka kanta. In da hali, ku fara da matattakalar tun ƙafa na da ƙarfi, ku gangara kwazazzabon da ake kira Gordale Scar, ku biyo ta Janet's Foss, inda ruwa ke zubowa daga kan ɗan dutse, ku dawo ƙauyen ta bakin rafi, inda hanya take a miƙe. A Gordale za ka ga masu hawa ta gefen ruwan da ke zubowa. Ka yi kallo kawai, wannan ba ya cikin tafiyar da aka ce maka mai sauƙi.

Maganar ruwa kuma, Ingila ƙasar ruwan sama ce, amma a saman irin wannan dutse sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga rafi ba, duk ya nutse yana gudu ta ƙarƙashi. Shi kansa bangon a bushe yake, ko da yake ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne ya sassaƙa shi fiye da shekara 12,000 da suka wuce. A Disambar 2015, da aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya sake zubowa daga sama na ɗan lokaci, har jaridu suka ɗauka. Wanda za ka ga yana ɓulɓulowa a gindin dutse garai-garai, kada kyansa ya ruɗe ka. Ruwan da ya bi ta ramuka bai samu tacewar da yashi ke yi ba, ga tumaki ko'ina a sama. Ka ɗauki naka, lita ɗaya da rabi, har da na alwala.

Sai lokaci, wanda Bakano ya fi saurin mantawa. Mu nan magariba ba ta cika kauce wa ƙarfe shida zuwa bakwai ba. A can, ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar duk za su same ka a hanya. Ku tashi kafin goma na safe, ka sa 'yar sallaya mai naɗewa a jaka, da fitila, da rigar ruwa, da rigunan sanyi biyu ko uku marasa kauri da za ka riƙa cirewa kana mayarwa. Kada ka sa wandon jins, in ya jiƙe ba ya bushewa.

Hanyar tana ratsa makiyayar mutane, don haka duk ƙofar da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe, kada kuma ka hau katangun duwatsun da aka jera. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a kwari, sai ka sauke taswirar tun kana Leeds. In wani ya ji rauni, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce musu masu ceto a duwatsu ake buƙata.