Amsa ga ɗana kan karrama mutum bayan ya daɗe a ƙasa

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kana lafiya, ya karatu? Ka tambaye ni ko al'adarmu ce a ƙyale mutum sai ya daɗe a kabari sannan a tuna da shi, tun da ka ga an mayar da jami'ar jiha ta Gadau ta koma Jami'ar Sa'adu Zungur, alhali ba ka taɓa cin karo da labarinsa a jarida ba. Tambayar ta faranta mini rai, ta kuma sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

A'a, ba al'adarmu ba ce. Mu ba a jikin bango muke ajiye sunan mutum ba, a jikin ɗan Adam muke ajiye shi. Idan dattijo ya rasu, haihuwar da ta biyo baya a gidan, ran kwana bakwai an tara jama'a, an raba goro, liman ya raɗa suna, sai ka ji an yi wa mamacin takwara. Shi ya sa iyaye ba sa iya kama sunan yaron, sai su saya masa da Abba ko Baffa, mace kuma Ummi ko Inna. Kuma ba sunan kaɗai ake ba shi ba. Yana tasowa kakarsa na ce masa, mai sunanka bai taɓa cin amana ba, mai sunanka shi ya haƙa rijiyar unguwa. A haka yaro ke haddace tarihin gidansu tun bai san alli ba. Ga maroƙa a wajen biki suna jero asalin mutum, ɗan wane jikan wane, ga addu'a da sadaka da ba a yankewa.

Jarida kuwa kujera take bi. Malam Sa'adu ɗan Bauchi ne, malami, mawaƙi, ɗan gwagwarmaya. Ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba ta Legas a zamanin da ɗan Arewa bai cika leƙa can ba. A farkon shekarun 1940 suna zaman tattaunawa a nan Bauchi shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna tono batun mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a lokacin da faɗin haka ke iya ja wa mutum fushin hukuma. Waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya gargaɗi ce ga sarakuna da talakawa baki ɗaya. Sai Allah ya yi masa rasuwa a 1958, saura shekara biyu a karɓi mulkin kai. Da aka zo rabon muƙamai, masu ɗaukar hoto suka yi layi, ba ya nan. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, hotonsa na kan naira biyar, kabarinsa ana ziyarta, kuma wallahi ya cancanta. Amma wanda suka yi zaman tabarma ɗaya da shi, sai malaman jami'a da tsofaffin 'yan jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano suka riƙe sunansa.

Shi ma ya yi sa'a, ya bar rubutu. Ka je Bormi, kusa da Bajoga a jihar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun sojan Turawa a 1903. Ɗaruruwan mutane suka kwanta tare da shi. Takardun Turawa sun adana sunan hafsansu da ya mutu, Manjo Marsh. Manoma da almajiran da suka bar gidajensu suka bi sarki, wa ya rubuta nasu?

Kada ka ɗauka ina wanke al'adarmu tas. Maroƙi ma hannun da ya miƙa masa yake yi wa kirari, don haka mai sarauta da mai dukiya suka fi samun ambato. Mata su aka fi zalunta a nan. Kowa ya san Nana Asma'u, amma jajin da ta tura ƙauyuka suna karantar da mata, kaɗan ne aka san sunansu. Haka malamar da ta koya wa rabin matan unguwa Fatiha a cikin gida, da ungozomar da ta yanke cibiyar yaran gari, ba jarida, ba kirari, wani lokacin ko takwara ba a yi musu.

Saboda haka na yi murna da sunan jami'ar nan, ko da ya zo a makare. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya shekara huɗu yana shiga ta ƙarƙashin allon, ya fita da digiri bai san baiti ɗaya na mai sunan ba. Wannan takwara ce da aka yi ba kakar da za ta ba da labari.

Idan ka zo hutu, ka sayi goro ka je wajen Goggo da hantsi, lokacin da ta fi sakewa. Ka tambaye ta sunan wa ka ci, me ya yi, wa ya karantar da ita, wa ya karɓi haihuwar babanka. Ka kunna waya ka naɗi muryarta, ka bar ta ta yi ta zuba ko ta kauce hanya. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka.